Ganawar Neman Aikin Mai Ba Da Shawara Kan Shiga Jami'a

Wanda jami'a ta kira ganawa domin wannan aiki, lalle ne ya san abin da kwamiti zai auna, watau ko yana iya faɗa wa ɗalibi gaskiya, ko da ba ta yi masa daɗi ba. Takardun shaidarsa kuwa an riga an duba su tun bai shigo ba.

Da fari akan tambaye shi ƙa'idodi. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga: darussa 4 har da Turanci, maki 400. Ana kuma bukatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, galibi har da Turanci da Lissafi. Mai takardar NCE, ko ta IJMB wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa, yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye.

Sa'an nan a zo ga tambaya mai nauyi. Akan ce masa, ga uba ya kawo ɗansa, likitanci yake so, amma yaron bai ci Kemistiri ba. Nan da yawa ke tuntuɓe, don kunyar babba. Wanda ya ce zai yi wa yaron hanya ya fāɗi, gama gurbi ba a hannunsa yake ba, yaron kuwa ya yi hasarar shekara guda da kuɗin rajista. Amsar da ake so ita ce, ya gaya wa uban cikin ladabi cewa likitanci ba ya yiwuwa sai da Kemistiri, Fizis da Bayoloji. Ko dai yaron ya sake zama jarrabawar, ko a duba masa fannin da sakamakonsa ya isa.