Darasi: Miji Da Mata Baƙi A Birnin Daura

'Yan'uwa da yawa sukan tambaye mu, “In mun tafi Daura da uwargida, yaya za mu yi?” Bari mu duba batun tare.

Daura tsohon birni ne na Musulmi, uwar Hausa Bakwai. Can ne rijiyar Kusugu take, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijiya, ya auri Daurama. A 1906 Turawa suka maido da sarautar ga tsohon gidan Haɓe, a 2007 kuma aka naɗa Alhaji Umar Faruk Umar sarki. Tun shekara ta 2000 Jihar Katsina tana bin shari'ar Musulunci. Mutanen garin masu kunya ne, ba su son hayaniya. Ba za su tsawata wa baƙo ba, amma suna kallo.

Abin da ya fi ba waɗansunmu wuya shi ne rabuwa a ƙofar gida. Mun saba zama tare a tabarma ɗaya, muna ci a kwano ɗaya. A Daura ba haka ba ne. Miji ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya zauna a zaure da maigida. Kada ya leƙa ciki, kada kuwa ya miƙa wa mace hannu. Matar ita ce za ta shige. Waɗansu maza sukan ji haushi, suna tsammani an rena matansu. Mu dai muna ganin ita ta fi samun riba. Za ta gai da tsohuwa, ta ɗauki jariri, ta sha fura, ta ji damuwar gidan. Mijin kuwa labarin damina da farashin gero kaɗai zai kwaso.

A kan hanya mace ta yafa mayafi, zanenta ya sauka ƙasa. Kada a riƙe hannun juna. Ku tafi da takardar aurenku, gama mai masauki yana iya tambaya. In watan azumi ne, ku ci abincinku a ɗaki. Ran Jumma'a da azahar kada ku ratsa sahun masu salla.

Wani zai ce, “Ashe, ba 'yantattu ba ne mu cikin Almasihu?” Hakika 'yantattu ne. Amma ku karanta Korintiyawa ta Fari sura 10, ku ga yadda Bulus ya auna 'yancinsa da lamirin maƙwabci. Mayafi ba musun bangaskiya ba ne. In an tambaye ku addininku, ku faɗa a fili da ladabi, ba da gardama ba.

Ku tuna kuma akwai 'yan'uwa masu bi da ke zaune a ƙasar Daura, ba su da yawa. Ku kwana biyu za ku yi ku koma gida. Su ne za su ji abin da za a faɗa a kasuwa game da Kirista bayan kun tafi. Saboda haka ran Lahadi ku neme su, ku yi sujada tare, ku tambaye su gidajen da ya kamata ku kai gaisuwa.