Ɗaukewar Wuta a Jirgin Ruwa Mai Inji: Matakan Gano Matsala da Buƙatar Tantance Ma'anonin Kalmar "Wuta"

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matakan gano musabbabin ɗaukewar wutar lantarki a ƙaramin jirgin ruwa mai inji, irin wanda ake jigilar mutane da kaya da shi a Kogin Neja da Tafkin Kainji da Tafkin Chadi. Maƙalar ta nuna cewa furucin "wuta ta ɗauke" yana ƙunshe da matsaloli mabambanta, domin kalmar wuta tana ɗauke da ma'anoni huɗu a wannan fage. An bibiyi hanyar lantarki tun daga batir har zuwa na'urar da ke amfani da shi da kuma komawarsa, an fayyace alƙaluman da ma'auni ke nunawa a kowane mataki, sannan an kawo kalmomin da za su taimaka wajen koyar da wannan sana'a da Hausa.

Fitilun kalmomi: jirgin ruwa, batir, matsi, kwarara, turjiya

1.0 Gabatarwa

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, jirgin ruwa ya ƙara muhimmanci ga al'ummomin ƙasar Yawuri da maƙwabtansu, kamar yadda yake da muhimmanci ga masunta da fatake na Baga a bakin Tafkin Chadi. Da yawa daga cikin waɗannan jirage suna amfani da injin da ake maƙalawa a bayan jirgi. Wasu da igiya ake tayar da su, wasu kuma da makulli, ta hanyar batir mai bolt 12. Na biyun su ne abin nazari a nan.

Motar da wutarta ta ɗauke gefen hanya take tsayawa, ta jira makaniki. Jirgin ruwa kuwa ba ya tsayawa: ruwa ya ja shi, iska ta juya shi, igiyar ruwa ta riƙa dukan gefensa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Nijeriya, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta haramta tafiyar dare, amma jirgin da ya kasa tashi da la'asar ala tilas dare zai riske shi ba fitila. Saboda haka saurin gano matsala lamari ne na ceton rai, shi kuwa saurin ya dogara ga iya faɗin ainihin abin da ya lalace.

2.0 Ma'anonin Kalmar "Wuta" a Fagen Lantarki

Bahaushe ya faɗaɗa ma'anar wuta daga ta murhu zuwa ta lantarki, kuma faɗaɗawar ta wadatar a harkokin gida. A wajen gyara kuwa takan haifar da ruɗani. Ana cewa "batir ba shi da wuta", ana cewa "wuta ba ta isa sitata", ana cewa "fulogi ba ya ba da wuta", ana kuma cewa "inji ba ya mayar da wuta". Kalma ɗaya ce, amma abubuwa huɗu ake nufi, kuma kowanne da wurin da ake nemansa. Don haka maƙalar za ta yi amfani da waɗannan kalmomi:

i. Matsi: ƙarfin da ke tura lantarki, wanda ake aunawa da bolt.
ii. Kwarara: yawan lantarkin da ke bi ta waya, wanda ake aunawa da amfiya.
iii. Tartsatsi: ƙyastawar da fulogi ke yi don kunna fetur.
iv. Caji: lantarkin da inji ke mayar wa batir yayin da yake aiki.

Akwai kalma ta biyar da ba ta cikin ma'anonin wuta, amma ita ce mabuɗin fahimtarsu, wato turjiya: cikas ɗin da waya ko mahaɗa ke yi wa kwarara, wanda ake aunawa da om. Masanin kimiyya Bajamushe Georg Ohm ya bayyana dangantakar matsi da kwarara da turjiya a shekarar 1827: matsin da ke ɓacewa a wuri daidai yake da kwarara sau turjiyar wurin.

3.0 Hanyar Lantarki a Jirgi

Lantarki ba ya aiki sai ya zagaya ya koma inda ya fito. Yana fita daga kan batir mai alamar tarawa ta jar waya, ya bi ta babban makunni idan akwai, ya ratsa fis, ya isa makulli, sannan ya shiga sitata ko fitila ko famfon kwashe ruwa. Daga nan ya komo ta baƙar waya zuwa kan batir mai alamar ɗebewa.

A nan ne jirgi ya sha bamban da mota. Ƙarfen jikin mota shi ne hanyar komawa, alhali jikin jirgin katako ba ya ɗaukar lantarki. Dole kowace na'ura ta sami baƙar wayarta. Mai gyaran da ya koyi aiki a garejin mota yakan duƙufa kan jar waya ya manta da baƙa, alhali rabin hanyar a kanta yake.

4.0 Matakan Gano Matsala

4.1 Tsare Rayuka

Kafin a taɓa waya, matuƙi zai jefa anga idan zurfin ruwa ya ba da dama, ko ya sa a karkata jirgin da filafili zuwa gaɓa. Fasinjoji su sa rigar kariya, su zauna, kada su taru a gefe guda. A nisanta tankin fetur daga batir, a kuma hana ashana da sigari, domin tururin fetur da iskar haidurojin da batir ke fitarwa duk suna kamawa da ƙaramin tartsatsi. Idan za a kwance batir, baƙar waya ake fara cirewa, ita ce kuma ake mayarwa a ƙarshe.

4.2 Karanta Alama

Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowace matsala tana da alamarta. Idan aka murɗa makulli ba motsi, ba fitila, ba ƙara, to matsalar tana kusa da tushe: batir, ko kawunansa, ko babban makunni, ko babban fis. Idan fitilu suna ci amma suka dushe da an murɗa makulli, ana jin "ƙas-ƙas" kawai, to akwai matsi amma kwarara ta gaza. Idan fitilu suna ci ba su dushe ba, sitata kuma shiru, sai a duba hannun giya. Idan sitata tana juya inji da ƙarfi amma bai kama ba, batir ba shi da laifi; tartsatsi ko mai za a nema. Idan kuwa na'ura ɗaya ce kaɗai ta mutu, fis ɗinta da wayarta ake bi.

4.3 Auna Batir

Batir mai gubar dalma da asid, wanda Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙira a 1859, yana da ɗakuna 6 a cikinsa, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Cikakken batir da ya huta yana nuna kimanin bolt 12.6. Idan ya nuna 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Ƙasa da 12.0 kuwa ya sauka ƙwarai. Wanda ya tsaya a wajen 10.5 ko bayan caji, alama ce ta cewa ɗaki guda ya lalace.

Sai dai wannan awo bai wadatar ba. Tsohon batir yana iya nuna 12.6 yana zaune, ya rushe da zarar an ɗora masa aiki. Don haka ake sake aunawa a daidai lokacin da wani ke murɗa makulli. Lafiyayyen batir ba ya faɗuwa ƙasa da kimanin bolt 9.6 a wannan hali. Ana ɗora bakin ma'auni a kan dalmar batir kanta, ba a kan maƙalin waya ba.

4.4 Mahaɗan Wayoyi

Wannan mataki shi ne ya fi yaudarar masu gyara. Danshi da girgizar inji suna sa maƙalan waya su saki, su tara farin gari ko kore. A ɗauka irin wannan datti ya haifar da turjiya ta om 0.02 kacal. Fitilar da ke jan amfiya 1 za ta rasa bolt 0.02, abin da ido ba zai gane ba. Sitatar da ke jan amfiya 150 kuwa za ta rasa bolt 3 cur a wuri guda, ta kasa juya inji. Mai kallo zai ce "ai akwai wuta, ga fitila na ci", kuma bai yi ƙarya ba: matsi ne yake gani, kwarara ce ta kasa wucewa. Daga wannan ruɗani ne ake sayen sabon batir ko sabuwar sitata, matsalar kuma tana nan daram.

Hanyar gano wurin ita ce a ɗora baki ɗaya na ma'auni a farkon waya, ɗayan a ƙarshenta, a murɗa makulli. Idan ma'auni ya nuna fiye da rabin bolt a babbar waya, akwai turjiya tsakanin wuraren biyu. Ana yin haka ga jar waya, a maimaita ga baƙa. Inda babu ma'auni, hannu ma yana ba da shaida, domin mahaɗar da ta yi zafi bayan gwaji ita ce mai laifi. Ana kwance ta, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a wanke da ruwan kanwa domin yana kashe kaifin asid, a kula kada ya shiga cikin batir, a ɗaure tamau, sannan a shafa giris.

4.5 Fis da Makunnai

Injuna da yawa suna da babban fis a ƙarƙashin murfinsu, galibi mai amfiya 20. Idan ya ƙone, makulli ba zai yi komai ba ko da batir cike yake. Ana maye gurbinsa da mai lamba iri ɗaya. In sabon ya sake ƙonewa nan take, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfen inji ko 'yar'uwarta. Ɗaura zaren waya a madadin fis, kamar yadda wasu ke yi, mayar da dukkan wayoyin jirgi fis ne, ga kuma fetur a kusa.

Akwai makunnai biyu na tsaro da ke kama da lalacewa alhali aikinsu suke yi. Na farko yana hana sitata juyawa matuƙar inji na cikin giya. Na biyu shi ne mai igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a hannu. Idan maƙalinsa ya fita, a injuna da dama sitata za ta juya amma fulogi ba zai ba da tartsatsi ba. Duba su ba ya cin minti guda.

4.6 Caji

Tayar da inji ba shi ne ƙarshen bincike ba, domin sai an san abin da ya sauke batir. A ƙarƙashin faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji akwai kwayil da ke samar da lantarki mai kai-komo, sai raktifaya ta daidaita shi ya koma mai tafiya fuska ɗaya, irin wanda batir ke karɓa. Idan inji na gudu, ma'auni a kan batir ya kamata ya nuna tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In ya tsaya a 12 da 'yan kai, caji ba ya zuwa. Abubuwa biyu sun shahara wajen ƙona raktifaya: juya kawunan batir, da cire wayar batir inji na aiki. Idan caji lafiya yake amma batir na sauka cikin dare, wata na'ura ce ke zuƙarsa a ɓoye. Batir mai murafu kuma zafin rana yana ƙafar da ruwansa. Tataccen ruwan batir ake ƙara masa, ba asid ba, ba kuma ruwan kogi ba.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa gano matsalar lantarki a jirgi bin sawu ne daga tushe zuwa na'ura da komawa, tare da yin awo lokacin da ake jan lantarki, ba lokacin da komai ke zaune ba. Ta kuma nuna cewa kuskuren da ya fi jawo asara, wato ɗaukar matsi a matsayin kwarara, yana da alaƙa da yadda kalmar wuta ta haɗe ma'anoni huɗu. Wannan aiki ne da ya rataya a wuyan masana Hausa: tattara kalmomin da makanikan bakin ruwa ke amfani da su, a gwada su da waɗanda aka kawo a nan, a fitar da ɗan littafin jagora ga matuƙa. Su kuwa matuƙa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata kowane jirgi ya tashi da ma'auni da fis na ajiya da sifana da tocila da igiyar tayar da inji da hannu.