Kyamarar Baba Ta Ƙi Fitar Da Hoto

Wasiƙar wannan makon daga Funtuwa ta fito, daga hannun wani malamin makarantar sakandare. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, yana cikin ɗaliban Najeriya da suka yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyat a shekarun 1970. Da aka zo rabon kaya sai aka tarar da wata kyamara a ƙasan adaka, cikin gidanta na fata. A goshinta an rubuta Zorki 4, a bakin gilashinta kuma Jupiter-8. Babu wanda ya waiwaye ta sai shi.

Ya sayi fim uku da ɗan karen tsada. Na farko ya dawo daga wanki fari fat, babu ko inuwar mutum. Na biyu ya fito, sai dai rabin hotunan dishi-dishi, wasu an yanke wa mutane huluna, kuma akwai wani farin tabo da ke bayyana a wuri ɗaya a hotuna da yawa. Na uku bai kai ƙarshe ba mamurɗin lambobin da ke saman kyamarar ya cije, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wani mai gyaran waya ya duba ya ce ta mutu, har ya yi tayin saye don ya yi ado da ita a shago. Malam ya rufe wasiƙarsa da cewa: "Don Allah a ba ni shawara. Laifina ne ko na kyamarar? In sayar, ko akwai sauran amfani a jikinta?"

Amsa

Kada Malam ya sayar. Ko ya sayar ma ba wani kuɗin kirki zai samu ba, domin masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk, kusa da Mosko, ta ƙera irin wannan kyamara sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai tsakanin 1956 da 1973, suna nan jibge a kasuwannin duniya. Darajarta a aikinta take. Jikar Leica II ce, wadda Jamusawa suka fitar a 1932, gilashinta kuma an kwaikwayo shi ne daga Sonnar na kamfanin Zeiss, kuma har gobe masu ɗaukar hoto suna neman sa. Ba ta cin batir, ƙarfe ce da waya da ƙyalle. Idan Malam ya duba lambar da ke jikinta, alƙaluma biyu na farko su ne shekarar da aka ƙera ta.

Kusan duk abin da ya same shi daga tushe ɗaya ya fito. A wayar hannu, abin da mutum ya gani a fuskar wayar shi ne zai fito a hoto. A wannan kyamara tagar da ake leƙawa daban, gilashin da ke ɗaukar hoton daban. Mutum zai iya barin murfi a kan gilashin, ya leƙa taga ya ga duniya tangaran, ya danna sau talatin da shida, kyamarar ba za ta ce masa uffan ba. Manyan gwanaye ma sun sha faɗawa wannan rami.

Fim ɗin farko shi zai faɗi abin da ya faru, in dai mai wanki ya maido da nagatif ɗin. Malam ya ɗaga shi a haske ya duba gefensa, wajen ƙananan hudojin nan. Kamfanonin fim suna buga sunansu da lambobin hotuna a wurin tun daga masana'anta, kuma rubutun ba ya bayyana sai an wanke fim yadda ya kamata. Idan rubutun ya fito amma tsakiya wayam, mai wanki ya yi aikinsa, haske ne bai taɓa fim ɗin ba. Idan babu ko rubutun, matsalar daga wajen wanki take. Idan kuwa nagatif ɗin ya yi baƙi ƙirin tun daga farko har ƙarshe, to an buɗe bayan kyamarar kafin a naɗe fim ɗin cikin gwangwaninsa.

Mai wannan fili ya fi zargin cewa fim ɗin bai kama ba tun farko. Bayan Zorki 4 gaba ɗaya yake fita idan aka murɗa makullai biyu da ke ƙasa. Ana cusa harshen fim a kwarkwaron dama, a tabbatar haƙoran sun shiga hudoji sama da ƙasa, sannan a rufe. Sau da yawa harshen yakan zame bayan an rufe, mutum ya yi ta murɗawa, fim yana kwance a inda yake. Shaidar tana waje: duk lokacin da aka murɗa mamurɗin dama don zuwa hoto na gaba, dole mamurɗin hagu, wato na mayar da fim, ya juya da kansa. In ya tsaya cik, a dakata a sake sawa. Maƙirgin hotuna ma ba ya komawa sifili da kansa, da yatsa ake mayar da shi.

Hotunan da suka yi dishi-dishi su ne ainihin karatun. A gaban kyamarar akwai tagogi biyu, da ɗan tazara a tsakaninsu. Malam ya miƙa yatsansa, ya rufe ido ɗaya, sannan ya rufe ɗayan, zai ga yatsan yana tsalle gefe. In yatsan na kusa tsallen ya yi yawa, in ya yi nisa ya ragu. Da wannan bambanci kyamarar ke auna nisa. Ƙaramar tagar tana aiko da nata hoton ta cikin madubi zuwa tsakiyar babbar, shi ne wannan ɗan fili mai haske da ake gani a tsakiya, inda abu ke zama biyu. Yayin da ake juya zoben nisa a jikin gilashi, gindin gilashin yana tura wani ɗan hannu a ciki, hannun yana karkata madubin, hotunan biyu suna matsowa kusa da juna. Inda suka hau kan juna suka zama ɗaya, nan ne saiti. Sauran filin tagar kullum tas yake, ko an saita ko ba a saita ba, kuma a nan sababbin hannu ke ruɗewa.

Ido ya fi saurin kama haɗuwar a kan abu mai layi a tsaye: turken lantarki, gefen ƙofa, sandar tuta. A fuskar mutum a nemi ƙwayar ido ko gefen hula. Ana sa abin a tsakiya, a haɗa, sannan a karkata kyamarar a tsara hoton yadda ake so. Wannan koyo ba ya bukatar fim ko kaɗan. Malam ya zauna a ƙofar gida da yamma da kyamarar babu komai a ciki, ya yi ta haɗa abubuwa, na kusa da na nesa, har yatsunsa su san ta wane gefe ake juyawa ba tare da tunani ba.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe a gindin mamurɗin hagu da ke daidaita tagar da ƙarfin idon mai leƙe. Mai yiwuwa yana nan inda marigayi ya bar shi, daidai da nasa idon. Malam ya matsa shi a hankali har ya ga taga ta washe.

Kafin ya sake sa fim, ya gwada ma'aunin nisan, don shekara hamsin a adaka ba wasa ba ce. Ya juya zoben har ƙarshe, zuwa alamar nan mai kama da takwas a kwance, ya auna abu mai nisa sosai, kamar eriyar kamfanin waya da ke can bayan gari, ko wata da dare. Dole hotunan biyu su haɗe. Sannan ya ɗauko tef ɗin tela ya ajiye kwalba a nisan mita ɗaya daga bayan kyamarar, ya haɗa, ya ga ko zoben ya nuna 1. In ɗayan biyun ya saɓa, akwai ƙusar da ake daidaitawa, amma aikin mai gyara ne. Kusa da mita ɗaya kuwa Jupiter-8 ba ya saituwa, kowa ya riƙe shi.

Yankan huluna shi ma daga rabuwar taga da gilashi ne. Tagar tana sama kaɗan kuma tana gefe, don haka a nesa bambancin ba ya komai, amma a mita ɗaya ko biyu gilashin yana kallon ƙasa da inda ido ke kallo. Maganinsa a bar sarari a saman kai.

Farin tabon nan kam ciwo ne a jikin kyamarar, kuma rana ce ta jawo shi. Labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban fim na ƙyalle ne da aka shafe da roba. Babu madubi tsakaninsa da gilashi, saboda haka idan aka ajiye kyamarar tana kallon rana babu murfi, gilashin zai tattara hasken a ɗigo ɗaya ya ƙona ƙyallen, yadda yara ke ƙona takarda da gilashin ƙara girma. A ranar Funtuwa ta watan Afrilu, abin ba ya ɗaukar lokaci. Malam ya kwance gilashin, ya cire bayan kyamarar, ya shiga ɗaki mai duhu ya haska tocilan wayarsa ta gaba yana kallo ta baya. Labulen biyu ne, ya duba ɗaya kafin ya murɗa, ɗaya bayan ya murɗa. Ƙaramar huda ana toshe ta da ɗigon baƙin fentin yadi, a bar shi ya bushe sarai kafin a motsa labulen. Daga yau, murfi a kan gilashi in ba ɗauka ake yi ba, a kuma tuna a cire shi in za a ɗauka.

Cijewar mamurɗin lambobi kuwa dokar gidan ce aka taka. A Zorki da 'yar'uwarta FED ta birnin Kharkiv, sai an murɗa fim zuwa hoto na gaba tukuna ake canza saurin labule. Wanda ya canza kafin ya murɗa, lambar da ya zaɓa ba ita zai samu ba, kuma yana iya sarƙe kayan ciki. Kada Malam ya sa ƙarfi, kada kuma ya ɗiga man keken ɗinki. Ya fara ceton fim ɗinsa: ya juya zoben da ke kewaye da maɓallin ɗauka, ya naɗe fim ɗin baya har ya ji ya saki. Sannan ya murɗa na dama har ƙarshe, ya ɗaga mamurɗin lambobin sama kaɗan, ya juya a hankali. In ya ƙi, tsohon mai gyaran agogo ko mai gyaran kyamarori ya fi mai gyaran waya sanin irin wannan ciki.

Bai yi tambaya a kan haske ba, amma zai bukata, don kyamarar ba ta da abin auna shi. Da fim mai lamba 200, kamar Kodak Gold, a rana tsaka a sa ƙofar haske a 16, sauri a 250. Idan hazon hunturu ya rufe rana a koma 11 ko 8. A inuwar bishiya ko ta rumfa, 5.6. In ana shakka a ƙara haske, domin fim mai launi ya fi jure yawan haske a kan ƙarancinsa. Ƙofar tana kuma yanke yawan abin da zai fito tas. A lamba 2, a nisan mita ɗaya, abin da ke saiti bai wuce santimita biyar ba, ido ya fito kunne ya dushe. A lamba 8, in aka saita mita biyar, komai daga wajen mita uku da rabi zuwa tara zai fito. Da wannan ake ɗaukar dawaki a hawan Sallah, inda babu lokacin haɗa hotuna biyu: sauri 500, ƙofa 11, zobe a wajen mita bakwai, sai jiran doki ya shigo.

Fim na huɗu ya zama na gwaji. Malam ya riƙe ɗan littafi, kowane hoto ya rubuta sauri da ƙofa da nisa da yanayin rana, don in ya dawo daga wanki ya san wace lamba ce ta haifi wane hoto. Fim ɗin da bai sa ba ya zauna a firji cikin robarsa, a fito da shi awa ɗaya ko biyu kafin a buɗe don kada ya yi gumi, kada kuma a bar kyamara a cikin mota da rana. Wanda za a kawo masa fim ta jirgin sama ya roƙi a duba da hannu, saboda sababbin na'urorin binciken kaya masu ƙarfi suna ɓata shi, Kodak da kansa ya yi gargaɗi a kai.

Saura wajen wanki. Fim mai launi da tsarin C-41 ake wanke shi, a zafin maki 38, kuma sinadarin yana mutuwa in ya daɗe ba a sabunta ba. Yawancin shagunan hoto sun koma dijital, wanda ya rage da injin wanki ma ƙila sai a yi makonni bai kunna ba. Malam ya tambayi tsofaffin masu ɗaukar hoto na garinsu inda suke aika nasu, ya kuma tambayi mai wankin yaushe rabonsa da wanke fim kafin ya miƙa. In sha'awar ta yi nisa, fim baƙi da fari irin su Ilford HP5 ko Fomapan ana wanke shi a gida da ɗan tanki da baƙar jaka, sai dai shi maki 20 yake so, don haka a lokacin zafi sai an haɗa da ƙanƙara. Ko'ina ya kai, ya ce a maido masa da nagatif tare da hotunan, domin wasu shagunan suna tura hotuna ta waya su zubar da shi.