Kaskon Wuta a Kan Mota: Nasiha ga Masu Kwana a Kwanar Dangora

'Ya'yana direbobi da yaran mota, hunturu ya kama, kuma kun fi ni sanin yadda dare yake a Kwanar Dangora cikin Disamba da Janairu. Mota ta taso daga Kano za ta Jos ta Tudun Wada da Doguwa, direba ya ga dare ya yi, ba ya son ratsa dajin Falgore cikin duhu, sai ya tsaya ya jira asuba. Wannan kam ya yi hankali. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunku ke neman ɗumi kafin asubar.

An sha shayi an watse, sai yaro ya roƙi mai shayi ragowar garwashi, ya juye a kasko ko tsohon gwangwani, ya hau kan mota da shi, ya rufe gilas ruf, har ya cusa tsumma a duk kafar da iska ke shigowa. A ganinsa tunda gawayi ya ruru ya yi jajir, hayaƙi ya ɗauke, ai shi ke nan. Ɗana, ba shi ke nan ba ne. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari balle mutum ya farga. Tana shiga jini ta tare gurbin oksijin, kuma riƙon da take yi wa jinin ya fi na oksijin sama da sau 200. Wanda yake ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, jikinsa ya mutu. Mai barci kuwa ba ya jin komai, barcin ne kawai ke ƙara nauyi. Ga shi kan mota ɗan matsattsen wuri ne, nan da nan yake cika.

Wani zai ce shi ba ruwansa da gawayi, inji yake bari a kunne ya sa hita. Hayaƙin injin ma da wannan gubar a cikinsa. In salansa ta huje, ko motar da ke gefenka tana hura maka nata, shigowa zai yi kana kwance. Risho da tukunyar gas ma haka suke. Mai tankar mai kuwa, kada wuta ta kusance shi ko da wasa.

Turawan da ke yawon shaƙatawa da motoci masu ɗakin kwana, hitar da suka fi amincewa da ita tana zuƙo iskar da take ci daga waje, ta kuma fitar da hayaƙinta waje. Duk da haka sai sun rataya 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan gubar ta taru. Wanda Allah ya hore masa, ya nemi irinta.

Mu dai abin da muke da shi ya isa. Ka ji ɗuminka a fili wurin mai shayi, ka bar wutar a can. Ka sa rigar sanyi da hula da safa, ka shimfiɗa bargo a ƙasa, ka rufa da wani. Ka zuba ruwan zafi a gora mai murfi, ka naɗe ta da tsumma ka sa wajen ƙafa. Gilas kuma a bar masa 'yar kafa.

Idan kuka tashi abokin tafiya ya kasa farkawa, ko ku biyu kuka wayi gari da ciwon kai iri ɗaya, kada ku ce gajiya ce ko zazzaɓi. Ku buɗe ƙofa, ku fito da shi fili, ku garzaya asibiti a sa masa oksijin. Madara da manja ba sa fitar da wannan guba.

Ku kuma iyayen gida, yaran nan amana ce a hannunku. Don Allah, kafin mota ta tashi a wannan sanyi, ku saya wa kowane yaro bargonsa.