Baiwa da Iyali a Hutun Kirsimeti: Darasi Daga Rayuwar Marubuciya Janette Oke

Nassin Karatu: Mai Hadishi 3:1-8, Markus 6:30-32, Matiyu 1:18-25, 1 Timoti 5:8

Ayar Haddacewa: Markus 6:31

Manufa: Mu gane cewa Allahn da ya ba mu baiwar hidima shi ne kuma ya ba mu iyali, ba ya kuwa so ɗaya ya cinye rabon ɗayan.

Gabatarwa

Disamba wata ne na murna ga kowane mai bi, amma kuma shi ne watan da ma'aikatan Ubangiji da yawa suke zama baƙi a gidajensu. Fasto yana tsakanin ɗaurin aure da sujadar godiya, shugabar Zumuntar Mata tana shirin taro, mawaƙa suna koyon waƙoƙin Kirsimeti har dare ya raba. Yara kuwa sun dawo hutu, suna zaune suna jiran iyayen da suka tafi yi wa Allah aiki. A wannan darasi za mu tsallaka teku zuwa ƙasar Kanada, mu dubi rayuwar wata mata mai bi wadda Allah ya ba ta baiwar rubuta ƙagaggun labaran soyayya, ya kuma ba ta miji da 'ya'ya huɗu. Tambayar da ke gabanmu ita ce, sa'ad da baiwa da iyali suke neman sa'a guda a hannun mai bi, yaya zai yi?

1. Wace ce Janette Oke?

An haifi Janette Oke ran 18 ga Fabrairu, 1935, a ƙauyen Champion cikin lardin Albata a yammacin Kanada. Iyayenta manoma ne, ta kuma zo duniya a shekarun da fari da karayar tattalin arziki suka ƙuntata wa manoman wannan yanki. Ta yi karatu a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Mountain View a garin Didsbury, inda ta sadu da Edward Oke. Suka yi aure a 1957, suka yi aikin fasto a Amurka da Kanada, daga baya kuma mijin ya zama shugaban wannan makaranta. Ikkilisiyar da ta kafa makarantar ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, gama ita ce ta aiko A. W. Banfield ya buɗe tashar mishan a Shonga cikin ƙasar Nufe a 1905, aikin da ya haifi ikkilisiyar UMCA.

Littafinta na fari, mai suna Love Comes Softly, wato ƙauna a hankali take zuwa, ya fito a 1979 daga kamfanin ɗab'i na Bethany da ke Amurka. Tana da shekara 44 a lokacin. A kwanakin nan shagunan littattafan Kirista cike suke da littattafan koyarwa da wa'azi da tarihin bayin Allah, ƙagaggen labari kuwa kaɗan ne. Littafin ya karɓu ƙwarai, har ta bi shi da waɗansu guda bakwai a kan iyalin da ke cikinsa. Gaba ɗaya ta rubuta littattafai fiye da 70. A 2003 aka mai da na farin nan fim, a 2014 kuma aka soma wasan talabijin a kan wani littafinta na 1983, When Calls the Heart.

2. Hunturu a ƙasar marubuciyar

Sanyin da muke kuka da shi a Jos ko a kan tsaunin Mambila bai kama ƙafar na Albata ba. A can ma'aunin sanyi yakan sauka zuwa awo 20 ko 30 ƙasa da sifiri, dusar ƙanƙara ta rufe gonaki da hanyoyi. A ƙarshen Disamba hasken rana bai wuce na sa'a takwas ba, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi. Makarantu sukan ba da hutun kusan mako biyu, daga gab da Kirsimeti zuwa farkon Janairu. Ba zaman tsakar gida, ba hira a gindin itace. Kowa yana cikin ɗaki, yara da baƙi da dangin da suka zo daga nesa.

Ga wadda sana'arta rubutu ce, nan ne gwaji yake. Ofishinta shi ne gidanta, ba ta da wata ƙofa da za ta kulle ta ce an tashi daga aiki. Kamfanin ɗab'i yakan ƙulla yarjejeniya da marubuci, ya yanka masa ranar da zai miƙa littafi, ranar nan kuwa ba ta san hutu ba. Rubutu yana bukatar shiru, hutun yara kuwa surutu ne. Ana iya samun mace tana zaune tana tsara yadda mutanen cikin labarinta suke nuna wa juna ƙauna, alhali ɗanta na cikinta yana ƙwanƙwasa ƙofa ba ta amsa ba. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha ta. Kowane mai baiwa yana cikin hatsarin zama giginya, ko marubuci ne, ko mai wa'azi, ko mawaƙi.

3. Kowane abu da lokacinsa (Mai Hadishi 3:1-8)

Mai Hadishi ya koya mana cewa Allah ya sanya wa kowane al'amari nasa lokaci, har da yin shiru da yin magana. Janette Oke ta yi sha'awar rubutu tun tana ƙarama, amma ba ta fito da littafi ba sai da 'ya'yanta suka tasa. Tsakanin aurenta da littafinta na fari akwai shekara 22. Mai duban waje zai ce ta makara. Amma abin da ya cika littattafanta shi ne dafa abinci, da renon yara, da jinya, da rashi, da haƙurin zaman aure. Shekarun da ta yi tana hidimar gida da ikkilisiya su suka zama rumbun da ta riƙa ɗiba. Baiwar da Allah ya bayar ba ta ruɓewa don an jira lokacinsa.

Kada dai mu mai da wannan doka a kan kowace mace. Grace Livingston Hill, wata marubuciya mai bi ta Amurka wadda ta rayu daga 1865 zuwa 1947, ta rasa mijinta, wanda fasto ne, a 1899, ya bar ta da 'yan mata biyu ƙanana. Da alƙalami ta ciyar da su, ta kuwa rubuta littattafai fiye da 100. Ɗaya ta jinkirta rubutu saboda 'ya'yanta, ɗaya ta dage ga rubutu saboda 'ya'yanta. Hanyoyinsu sun bambanta, amma abin da ya bi da su ɗaya ne, wato kula da waɗanda Allah ya danƙa a hannunsu. Wannan shi ne ma'aunin da Manzo Bulus ya ba Timoti sa'ad da ya yi kashedi mai tsanani a kan mai bin da ya ƙi kula da mutanen gidansa (1 Timoti 5:8).

4. Yesu da kansa ya ba da hutu (Markus 6:30-32)

Manzanni sun komo daga aikin bishara, suna ba Ubangiji labarin abin da suka yi da abin da suka koyar. Jama'a suna ta kaiwa da kawowa, har ba su sami zarafin cin abinci ba. Aikin nan mai kyau ne, bukatar mutane kuma ta gaske ce. Duk da haka Yesu ya janye su zuwa wurin da ba kowa domin su ɗan huta. In Mai aikin da kansa ya ce a huta, bawan da ya ƙi hutawa ba aminci yake nunawa ba, ya ɗauka ne aikin ba zai tafi ba in babu shi.

Mu tuna kuma da annabi Sama'ila. Kowace shekara yakan zaga Betel da Gilgal da Mizfa yana yi wa Isra'ila shari'a, ba wanda ya same shi da laifin zamba. Amma 'ya'yansa suka karkata ga cin hanci, har dattawa suka kafa hujja da wannan suka nemi sarki (1 Sama'ila 7:15 zuwa 8:5). Nassi bai ɗora laifin 'ya'yan a kan tafiye-tafiyen uban ba, mu ma ba za mu ɗora ba. Abin da ya bayyana a fili shi ne, amincin mutum a bakin aiki ba ya gangarowa kan 'ya'yansa haka kawai. Sai an zauna da su, an koya musu a gida da kan hanya, da kwanciya da tashi, yadda Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta umarta. Hutun Kirsimeti yana cikin 'yan kwanakin da shekara take ba mu domin wannan zama. Wanda ya sayar da su duka ga tarurruka sai ya jira wata shekara, yaro kuwa ba ya jira, girma yake yi.

5. Ƙaunar da ake gwadawa a lokacin sanyi (Matiyu 1:18-25)

Littafin Janette Oke na fari labarin hunturu ne. A zamanin da Turawa suke ƙaura zuwa yamma da kekunan doki, wata yarinya mai suna Marty ta rasa mijinta suna isa wurin da za su zauna. Tana da ciki, ba ta da kuɗi, ba dangi kusa, sanyi kuma ya ƙarato. Wani manomi mai suna Clark Davis, wanda matarsa ta rasu ta bar masa ƙaramar yarinya, ya nemi ta aure shi domin ta sami wurin zama, yarinyar kuma ta sami uwa. Ya bar mata ɗakin, ya koma ɗan rumfar da ke jikin gidan, ya kuma yi alkawarin biya mata kuɗin komawa garinsu in sanyi ya wuce. Ta shiga gidan da baƙin ciki da ƙiyayya. Amma kowace safiya tana ganinsa yana karanta Maganar Allah yana addu'a, tana ganin haƙurinsa da kurakuranta. Kafin ayarin komawa ya tashi, zuciyarta ta juyo ga Allah, ta kuma juyo ga mijin.

Wannan ƙagaggen labari ne na wani zamani da wata ƙasa. Ba koyarwar ikkilisiya ba ce, kada kuwa wani ya fake da shi ya matsa wa gwauruwa ta yi auren da ba ta so. Amma irin ƙaunar da yake nunawa muna da ita a labarin Kirsimeti kansa. Ku bincika Bishara huɗu, ba za ku sami kalma ko ɗaya da aka rubuta daga bakin Yusufu mijin Maryamu ba. Ayyukansa kaɗai aka rubuta. Ya ƙi tona mata asiri, ya ɗauke ta zuwa gidansa bisa ga maganar mala'ika, ya kame kansa har ta haihu, ya tashi da dare ya kai ta da Yaron ƙasar Masar. Ƙaunarsa ta kasance a tsaye a wurin da ake bukatarta.

A nan akwai gargaɗi ga matasanmu masu karanta littattafan soyayya, ko na Turanci ko na Hausa. Marubuci yana da ikon goge abin da bai yi masa daɗi ba, ya sāke shafi. Zaman aure ba shi da wannan. Kada 'yar'uwa ta auna mijinta da mutumin da aka ƙaga da alƙalami, ta raina wanda yake fita da sassafe yana nemo mata abinci. Labari mai kyau shi ne wanda in ka rufe shi za ka tashi ka yi wa na kusa da kai alheri.

6. Amfanin da ya biyo baya

A 1993 Laurel Oke Logan, 'yar Janette Oke, ta rubuta tarihin rayuwar mahaifiyarta, daga baya kuma uwa da 'ya suka rubuta littattafai tare. Masu karatu miliyoyi sun san alƙalamin matar nan, amma 'yarta ta san ta a ɗakin girki, a ranar gajiya da ranar fushi. Idan wadda ta san ki haka ta yarda ta zauna ta yi aiki tare da ke, wannan shaida ce da ta fi lambar yabo. Karin Magana 31:28 ta sanya yabon 'ya'ya da na miji a gaba da yabon da ake yi a ƙofar gari.

Abin da za mu aikata

(a) Kowane ma'aikaci ya ɗauki kalanda tun farkon Disamba, ya keɓe kwanakin iyali kafin tarurruka su cika ta, ya riƙe su kamar alkawarin da ya yi da babban mutum.

(b) Majalisar dattawa ta duba yawan shirye-shiryen wannan wata, ta rage abin da za a iya ragewa, ta kuma tabbatar fasto da matarsa sun sami hutu bayan sujadar shiga sabuwar shekara.

(c) Masu sana'ar da Kirsimeti yake ƙara wa aiki, kamar teloli da masu kitso da direbobi, kada su karɓi aikin da ya fi ƙarfinsu, har su kwana a shago ranar da iyali suke jiransu.

(d) Iyali kuma su girmama baiwar da ke cikin gidansu. In uwa tana rubutu ko shirin koyarwa, miji da yara su ɗauke mata wani aikin, su ba ta sa'o'in da aka yarda a kansu.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Wane bambanci ne ke tsakanin jiran lokacin Allah da binne baiwa kamar bawan nan na Matiyu 25:24-27?

2. A labarin da muka ji, Marty ba mai bi ba ce sa'ad da aka ɗaura auren. Me za mu faɗa wa matashin da yake so ya kafa hujja da wannan, bisa ga 2 Korantiyawa 6:14?

3. In aka tambayi 'ya'yanka abin da suke tunawa da shi game da Kirsimetin bara, me kake tsammani za su ce?

Addu'a

Ya Uba, mun gode maka domin baye-bayen da ka ba mu da iyalin da ka danƙa mana. Ka gafarta mana inda muka ba na waje fuska mai fara'a, muka kawo wa na gida gajiya. Ka koya mana sanin lokacin aiki da lokacin hutu, ka sa ƙaunar da muke wa'azinta ta soma daga ƙofar ɗakinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.