Jinya a Baƙon Wuri: Shawara ga 'Yan Ci-rani

Manomin Goronyo, Wurno ko Rabah da ciwo ya kama a wurin ci-rani, a Kumasi ko Abijan, ya kamata ya nemi sarkin zango, wato shugaban Hausawan wurin, ya haɗa shi da tafinta zuwa asibiti, kada ya dogara ga mai tallar magani a faranti.

Wajibi ne kuma ya shaida wa likita cewa ya daɗe yana shiga ruwan madatsar da ke kan kogin Rima, domin tsargiya, cutar da tsutsarta ke fitowa daga jikin dodon-koɗi, takan yi watanni kafin jini ya bayyana a fitsari, kuma likitan da bai san mahaifar majinyaci ba yana iya ɗaukar ta wata cuta dabam.