Laka, Mafarin Motsin Jiki

Kowa ya san kaza takan yi ta shure-shure da fuffuka ko da an fille mata kai gaba ɗaya. To, idan ƙwaƙwalwa ta tafi, wa ke ba ƙafafun umarni? Laka ce, wato farar igiyar nan da ke kwance cikin ƙashin baya. A jikin ɗan Adam jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefenta, su bazu cikin tsoka da fata.

A da, masana sun ɗauka laka 'yar aike ce kawai. A 1911 wani masani ɗan Birtaniya, Graham Brown, ya yi gwaji da kyanwa: ya raba lakar da ƙwaƙwalwa, ya yanke jijiyoyin da ke kawo labari daga ƙafafun baya, amma tsokar ta ci gaba da lanƙwashewa da miƙewa bi da bi, irin na tafiya. Ashe tsarin taku a cikin laka yake. Daga baya, a Amurka, Viktor Hamburger ya nuna ɗan tsako na motsi cikin ƙwai ba tare da wani abu ya taɓa shi ba.

Haka ɗan tayi yake. Wajen mako na 8 yake fara motsi, uwa kuwa ba ta ji sai wajen wata na biyar. Wannan motsi ba na banza ba ne, da shi gaɓoɓi ke buɗewa, tsoka ta yi ƙwari. An gwada hana 'yan tsaki motsi cikin ƙwai, sai gaɓoɓinsu suka manne.

A riƙe jariri sabon haihuwa a tsaye, tafin ƙafarsa a ƙasa, za a ga yana ɗaga ƙafa kamar mai tafiya. Abin yakan ɓace bayan wata biyu. Tafiya ta sosai sai hanyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa sun nuna, galibi tsakanin wata 9 zuwa 18. Saboda haka tatata ba laifi, amma gorin cewa ɗan maƙwabta ya riga naki tafiya bai da tushe.

Ƙwayoyin lakar nan da ke motsa tsoka su ne cutar shan inna ke kashewa, kuma ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa. Iyaye, a kai yara ɗigon rigakafi. Mai ciki kuma, in ta ji motsin ɗanta ya ragu, ta nufi asibiti a ranar, kada ta jira ranar awo.